Yadda Ake Tattara Tarihin Makaɗi Ko Malamin Kiɗa Kafin A Karrama Shi

Ƙungiyar raya al'adu da ta yanke shawarar karrama makaɗi takan ƙarar da ƙarfinta wajen kama zauren taro, buga katin gayyata da sassaƙa allon lambar yabo. Tarihin mutumin da za a karrama kuwa sai a bar shi har saura kwana biyu, a ɗora wa sakatare, shi kuma ya kwaso abin da ya tarar a Facebook. Ranar taro sai a ji an ba makaɗin kotso kalangu, an ƙara masa shekara goma, an tsallake wanda ya koya masa kiɗa, 'yan amshinsa suna zaune a baya ba wanda ya ambace su. Wannan takarda ita 'yan jarida za su kwafa washegari, ita ɗalibai za su sa a kundin digirinsu, don haka kuskuren da ya shiga cikinta yakan yi shekaru yana yawo ba mai gyara shi.

Aikin yana son wata 3 da mutum 3. Na farko mai hira, kuma lalle ya zama yana jin karin harshen yankin makaɗin, ko Sakkwatanci ne, ko Katsinanci, ko Gobiranci, ko Damagaranci. Na biyu mai bin takardu da tsofaffin jaridu. Na uku mai kula da sauti da hotuna. Watan farko na hira ne, na biyu na tantancewa, na uku na rubutu da komawa wurin mai tarihin ya ji abin da aka rubuta.

Wa za a karrama, kuma a kan me

Kafin a kawo sunaye, kwamiti ya rubuta ma'auninsa a shafi guda. Makaɗin fada mai kotso ko taushi, da makaɗin maza da ke yi wa 'yan dambe da 'yan tauri, da mai amada da ke kiɗan ƙwarya a bikin mata, da mawaƙin situdiyo, da malamin da ke koyar da kiɗa a kwaleji, ba a awo ɗaya ake auna su ba. In aka zuba su a rukuni guda, wanda muryarsa ta fi fita a rediyo da waya shi zai lashe kullum, malamin da ya yaye makaɗa 30 kuwa ba zai taɓa kai labari ba. Ku ware wa malamai gurbinsu daban.

Ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne: a fara da tsofaffin da ke raye. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ya kuma rayu da wannan suna na Dokta har zuwa rasuwarsa a 1999. Mai rai zai gyara muku kuskure da bakinsa, zai nuna muku wanda ya yi masa amshi a waƙa kaza. Bayan rasuwa sai dai a tambayi 'ya'ya, su kuma sau da yawa ba a haife su ba lokacin da abin ya faru.

Kada a buga suna a takardar gayyata kafin a nemi yardar mai suna. A je gida, mutum biyu, da ɗan abin gaisuwa. Makaɗin fada yana da ubangida, kuma ba daidai ba ne sarki ko hakimi ya ji labarin karrama makaɗinsa a bakin duniya, sai a bi ta fada a sanar. In mace ce, a sa mace a cikin masu zuwa, a kuma sanar da maigida ko manyan 'ya'yanta. Akwai kuma waɗanda suka ajiye kiɗa don dalilin addini, ba su son a tayar da zancen. In kuka tarar da haka ku karɓi uzurinsu ku yi sallama. Wani zai yarda a rubuta tarihinsa amma ba zai yarda a saka waƙarsa a zaure ba, wannan ma a rubuta a kiyaye.

Zaman hira

Zama 3 ya fi zama ɗaya mai tsawo, kowanne minti 45 zuwa awa guda, da hantsi ko bayan la'asar. Wayar hannu mai kyau ta isa ɗaukar magana, amma a kashe mata kira, a ɗora ta a kan matashi kimanin taƙi biyu daga bakin mai magana, a kashe fanka, a nisanci janareta. A farkon kowane ɗauka mai hira ya faɗi kwanan wata, gari, sunan wanda ake hira da shi da sunayen duk waɗanda ke wurin, sa'annan a ɗauki muryar mai tarihin yana cewa ya yarda. Waya ta biyu ta riƙa ɗauka tare, don ta farko na iya cika ko ta mutu a tsakiyar labari mafi daɗi.

Zaman farko na asali ne: cikakken suna na yanka, sunan da duniya ta sani da yadda aka yi ya samo shi, garin haihuwa, sana'ar iyaye, karatun allo da na boko, da tambayar da ta fi kowace nauyi, wato gadon kiɗa ya yi ko haye. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sunansa Adamu, kuma laƙabin nasa labari ne sukutum, domin iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Takardar da ta kawo laƙabi kaɗai ta bar sunan yanka, ko ta kawo sunan yanka ta yi shiru kan laƙabi, ta rage wa mai karatu abu.

Zama na biyu na aiki ne. Wane kayan kiɗa ya fara riƙewa, a hannun wa, shekara nawa ya yi yana amshi kafin ya ja ƙungiya, su wa ne iyayen gidansa bi da bi, wace waƙa ya ɗauka a matsayin bakandamiyarsa, yaushe muryarsa ta fara fita a rediyo, ina da ina ya kai kiɗa. Ku guji tambayar da amsarta e ko a'a ce. Maimakon a ce "Alhaji, kun je Gana?", a ce "Ranka ya daɗe, a ba mu labarin tafiyar da ta fi nisa." Daga nan zangon Kumasi ko na Akara zai fito da kansa, da sunan mai masauki da abin da aka samo.

Zama na uku a tara shi da tsofaffin yaransa, a saka tsohuwar waƙa su saurara tare. A irin wannan zama ne ake jin wani ya ce ba a Kaduna aka ɗauki wannan ba, a Gusau ne, kuma wane ne ke kan ƙaramin kalangu. Sai dai a lura, yaro ba ya ƙaryata maigidansa a gabansa, don haka duk inda kuka ga an yi shiru an sunkuyar da kai, ku nemi mutumin shi kaɗai daga baya.

Wajen mayar da magana rubutu, a bar karin harshe yadda yake, musamman a baitocin waƙa. In mawaƙin Zamfara ya ce "shina", kada mai rubutu ya mai da shi "yana" da sunan gyara. Da waɗannan gaɓoɓi aka gina waƙar, in an taɓa su ta daina hawa kiɗan.

Shekaru, inda aka fi yin tuntuɓe

Yawancin tsofaffin makaɗa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Ranar da ke jikin katin ɗan ƙasa ko fasfo sau da yawa ƙiyasi ce da wani ma'aikaci ya yi, shi ya sa ake yawan ganin 1 ga Janairu. Kada ku ɗauke ta hujja, kada kuma ku ƙirƙiro wata. Hanyar da ke aiki ita ce a jingina kowane mataki na rayuwa da wani abin da kowa ya san shekararsa. Zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna da Kano 1956 ne. 'Yancin kan Nijeriya da na Nijar duka 1960. Kisan Sardauna Janairun 1966. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Komawa tuƙin hannun dama Afrilun 1972. Bikin FESTAC da hawan dabar Kaduna 1977. A Nijar, hawan Seyni Kountché mulki Afrilun 1974, rasuwarsa Nuwamban 1987. In tsoho ya ce yana da kamar shekara 10 yana kallon motocin Sarauniya, kun samu wajejen 1946, kuma haka za ku rubuta, "wajejen 1946".

Amma wannan hanya tana da ramuka, ga su. In ya ce "shekarar canjin kuɗi", ku tambaya wanne, domin an bar fam da sule an koma naira da kwabo a Janairun 1973, an kuma canza launin takardun kuɗi a Afrilun 1984. In ya ce "shekarar fari", akwai na 1973 zuwa 1974, akwai na 1984. "Zamanin Obasanjo" biyu ne, na soja daga 1976 zuwa 1979 da na farar hula daga 1999 zuwa 2007. Haka zamanin Buhari. A Kano "zamanin Sarki Sanusi" na iya nufin wanda ya bar gadon sarauta a 1963 ko jikansa da ya hau a 2014. Sarakunan da suka daɗe kuwa ba su yanke shekara: Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, Sarkin Katsina Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, Sarkin Kano Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. Wanda ya ce a zamanin ɗayansu ya fara kiɗa bai gaya muku komai ba tukuna, sai an ƙara tambaya: kafin yaƙi ko bayansa, da sule ake yi maka kyauta ko da naira, ka yi aure a lokacin ko da saura.

Wanda ke ƙirga shekarunsa da azumi ko da sallar layya yana bin shekarar Hijira, wadda ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. A shekara 33 bambancin ya kai shekara guda, don haka mai cewa ya yi azumi 66 yana kiɗa, a lissafin Miladiyya shekara 64 ke nan.

Ƙa'ida ita ce kowace shekara da za ta shiga takarda ta samu shaida biyu da ba su kwafi juna ba. Shafuka goma na intanet da suka kwafi rubutu ɗaya shaida ɗaya ce. Tambarin shige da fice a tsohon fasfo, takardar aikin hajji, rasit na kamfanin faifai, takardar gayyatar wasa, hoto mai kwanan wata a bayansa, waɗannan su ne abin nema, kuma galibi suna cikin wata tsohuwar adaka a ɗakin uwargida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, New Nigerian a 1966, ana kuma samun tsofaffin kofensu a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, duka a Kaduna. Mai bin takardu ya je da jerin shekarun da yake zato, in ba haka ba zai yi mako yana juya shafi bai samu komai ba.

Mutanen bayan fage

Kiɗan Hausa aikin ƙungiya ne, in ban da irin su Ɗan Maraya da ke tsayawa shi kaɗai da kuntiginsa. Akwai masu kiɗa, akwai 'yan amshi ko 'yan karɓi, akwai sanƙira mai kirari da shelar kyauta, a wasu gidajen akwai daudun kiɗi, wato mataimakin shugaba. A makaɗan fada 'yan karɓi ba maimaita amshi kawai suke yi ba, sukan karɓi ɗan waƙa, wato baiti, daga bakin jagora su ƙarasa shi, har su yi ƙari. Ku yi jadawali: suna, gari, abin da yake riƙe, shekarar shiga, shekarar fita, yana raye ko ya rasu. Ƙungiyar da ta yi shekara 40 za ta iya ba ku sunaye 20 ko fiye. A mawaƙan situdiyo ma haka, a rubuta wanda ya buga fiyano, wanda ya haɗa sauti, da matan da suka yi amshi, domin su ne aka fi saurin share sunansu.

Yadda ake rubuta aikin malami

A nan ne kwamitoci suka fi rasa abin faɗa, sai su cika shafi da "ya ba da gagarumar gudummawa". Dalili shi ne suna neman aikin malami a inda ake neman na mawaƙi, wato a faifai da kaset. Aikin malami yana jikin waɗanda ya koyar. Ku nemi ya lissafa almajirai 10 aƙalla, da abin da kowanne ya koya, da shekarun da ya zauna, da inda yake yanzu. Ku nemi 5 daga ciki ku ji ta bakinsu. Kada ku tambaye su ko malam mutumin kirki ne, kowa zai ce e. Ku tambaya me hannunsu ya iya wanda a wurinsa suka samo: rufa kalangu da ɗaure tsarkiyarsa, zaɓen izgar doki da shafa ƙaro a goge, riƙe numfashi a algaita ba yankewa, taken sarauta kaza da lokacin da ake kaɗa shi, yadda ake shiga fada da inda makaɗi ke tsayawa. Jimla guda irin wannan daga bakin almajiri ta fi shafi biyu na yabo.

Malamai iri biyu ne, kuma tambayoyinsu sun bambanta. Na gida shi ne uba ko wa ko maigida wanda ake koyo a wurinsa ta hanyar bi, daga ɗaukar kaya zuwa amshi zuwa ƙaramin kiɗa. Ga irin wannan, salsala ake bi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa ya tashi: mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, wansa Kurna ya ja ƙungiyar kafin shi yana yi masa daudun kiɗi, 'ya'yansa kuma sun ɗora bayansa. Tarihin da ya fara daga ranar da Ɗanƙwairo ya shahara ya yar da malamai biyu. A zana salsalar a shafi guda, daga wanda ya koya wa malamin har zuwa almajiran almajiransa.

Na biyu shi ne malamin makaranta, ko mai horar da 'yan badujala na soja da 'yan sanda da makarantu, ko mai koyar da mawaƙan coci. Shi yana da takardu, sai a bi su: inda ya yi karatu, takardar ɗaukar aiki, makarantun da ya koyar da shekarunsu, ƙungiyoyin da ya kafa, gasar da ɗalibansa suka shiga, abin da ya rubuta ko ya tsara. In ya ce ya yi karatu a sashen kiɗa na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wanda aka buɗe a 1961, ko a makarantar MUSON ta Legas, wato ƙungiyar raya kiɗa ta Nijeriya da aka kafa a 1983, a ga takardar shaidar a ɗauki hotonta, a rubuta sunanta daidai yadda yake, difloma ce ko digiri.

Wani kuma ya haɗa biyun, kamar Malam Maman Barka na Nijar. Haifaffen Tesker ne, malamin makaranta ne tun farko, ya yi suna da gurumi, ya kuma yi aiki da cibiyar horar da makaɗa ta El Hadj Taya a Yamai. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin Boukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗa mai tsarkiya 5 da siffar kwalekwale na Buduma masunta, a lokacin da wannan tsoho ne kaɗai ya rage da ya iya shi sosai. Barka ya ɗauki biram ya kai shi ƙasashen waje kafin rasuwarsa a 2018. Wanda ya lissafa kaset-kaset ɗinsa ya tsaya nan ya bar babban abin da ya yi, wato shahararren makaɗi ya koma ya zauna gaban malami don kada wani kiɗa ya ɓace. Irin wannan ake tono a tarihin malami, kuma sai an tambaya yake fitowa, don masu shi ba su cika ɗaukarsa abin faɗa ba.

Waƙoƙi, kaset da haƙƙin mallaka

Kada ku rubuta "ya yi waƙoƙi sama da dubu goma" don kun ji ana faɗa. Ku rubuta adadin da kuka iya lissafawa da suna, ku ce wannan ne abin da kwamiti ya samu. Kowace waƙa ta samu layi: sunan da aka san ta da shi, amshinta, wanda aka yi wa, shekara, inda aka ɗauka, da wanda ke riƙe da kofen. Amshin ya zama dole, domin waƙa ɗaya takan yi suna uku a bakin masu sayar da kaset. Mawaƙin baka kuma ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya, yakan ƙara ɗiyan waƙa, wato baitoci, ya rage wasu gwargwadon wurin, don haka ɗaukan rediyo da na gidan biki a lissafa su a matsayin ɗauka biyu na waƙa ɗaya.

Wuraren nema sun haɗa da Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da gidajen rediyon jihohi, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sassan harsunan Nijeriya na jami'o'in Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. A Yamai akwai Muryar Sahel da cibiyar CELHTO mai adana adabin baka. Kada a raina tsofaffin masu sayar da kaset a kasuwa da direbobin da suka yi shekaru suna tarawa.

Tsohon kaset ba a cusa shi a rikoda kai tsaye. A fara karya 'yan haƙoran da ke samansa don kada a danna maɓallin ɗauka a shafe shi. A duba ko akwai fumfuna ko zaren ya manne. A juya shi gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don zaren ya saki. A goge kan rikodar da auduga da ɗan sifirit bayan kowane kaset 2 ko 3, domin ƙurar hunturu da ɓarɓashin zare suna dusashe sauti. A haɗa rikodar da kwamfuta ta waya, kada a kara wayar hannu a bakin lasifika. A adana a tsarin WAV, 48 kHz da 24 bit aƙalla, wanda awa guda ke cin kimanin gigabait 1. MP3 na rabawa ne, a samar da shi daga kofen WAV ɗin. Kofe 3 a wuri 3, ɗaya a wani gari daban. Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti, ba ya shiri da sifirit, narkar da fuskarsa yake yi, busasshen burushi mai laushi ya isa. Hotuna a ɗauke su da na'urar sikana a 600 dpi, a rubuta sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama tun masu gane su suna kusa, a mayar wa iyali kayansu cikin mako guda da takardar karɓa.

Karramawa ba ta ba ƙungiya ikon sayar da waƙa. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, waƙa tana ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, ɗaukan sauti kuma shekara 50. Waƙoƙin Shata ke nan suna hannun magadansa har ƙarshen 2069. In kuna son saka waƙa a zaure, ko buga baitoci a ɗan littafin taro, ko ɗora wani abu a YouTube, ku rubuta takardar izini da Hausa, ta faɗi waƙoƙin da wurin da za a yi amfani da su, mai waƙa ko wakilin magada ya sa hannu. A Nijar a tuntuɓi BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasar.

Lambobin da ya riga ya samu

A nemi ganin kowace da ido. Lambobin ƙasa na Nijeriya hawa-hawa ne, MON daban, MFR daban, OON daban, kuma harafi ɗaya in ya sauya an ba mutum abin da ba nasa ba. Digirin girmamawa a rubuta shi da sunansa, da jami'ar da shekarar, don akwai masu kiran mawaƙi Dokta saboda ƙauna kawai. Sarautar kiɗa a faɗi wanda ya naɗa da garin, Sarkin Taushin wane, Sarkin Kiɗan ina. A gasa irin ta Ɗan Gurmu da ake yi a Tawa, a bambance wanda ya halarta da wanda ya ci, a kuma faɗi matsayin da ya zo.

Rubutun kansa da ranar taro

Daga abin da aka tara za a fitar da rubutu 3. Gajere, kalma 40 zuwa 50, na jikin allo da sanarwa. Matsakaici, kalma 500 zuwa 600, wanda za a karanta a zaure cikin minti 5. Dogo, kalma 2,000 ko fiye, na ɗan littafi, tare da salsala, jadawalin ƙungiya da jerin waƙoƙi. Na karantawa ya fara da dalilin karramawar a jimla biyu, sa'annan asali, koyo, aiki, almajirai. Kirari aikin sanƙira ne, a bar masa, zai yi shi fiye da ku. Kalmomi irin su "wanda ba a taɓa yin kamarsa ba" suna ɓata wa sauran makaɗan da ke zaune rai, ba su kuma ƙara wa mai lambar komai. Zambo da habaicin da ya taɓa yi wa wani gida, da rigimar siyasa, da saɓaninsa da wani ubangida, a bar su a dogon rubutu in shi ya yarda, kada a karanta su a gaban jikokin waɗanda abin ya shafa.

Saura mako 2, a koma a karanta masa duka da baki, a hankali, gaban mutum ɗaya nasa. Abin da ya gyara a gyara. In ya nace kan shekarar da takardu suka saɓa mata, a rubuta "a faɗarsa" a kawo tasa, a kawo ta takarda.

Ranar taro a aika mota da za ta ɗauki ƙungiyar duka da kayansu, kada a gayyaci jagora a bar yaransa su nemi ta kansu. A zaunar da shi a sahun gaba, a kuma ba da lambar a cikin awa ta farko, tun kafin manyan baƙi su fara zamewa, tsoho kuma bai gaji ba. A kira 'yan amshi da sunayensu su miƙe, kowanne da takardar shaidarsa. In malami ne, almajiransa su yi wasa a gabansa na minti 10, wannan shi ne shaidar aikinsa. A gwada sauti awa 2 kafin buɗewa. Kuntigi da gurmi da kukuma suna son makirfo kusa da jikinsu, kalangu da kotso a ja musu shi baya kaɗan, in ba haka ba za su danne murya. Da damina fatar ganga takan saki, a ba makaɗa wuri da lokaci su ɗumama ta. Masu amada a tanadar musu babban baho da ruwa da tabarma. Liƙi a ware masa lokaci bayan an gama karatu da miƙa lamba, a sa mutum ɗaya daga ƙungiyar makaɗin ya tattara.

In akwai kuɗi tare da lambar, a faɗa masa adadin tun kafin ranar, a kuma miƙa a hannunsa ko asusunsa a ranar, da shaida ɗaya daga iyalinsa. Alkawarin da wani babban baƙo ya yi a lasifika, na mota ko fili ko kujerar Makka, sakatare ya rubuta shi nan take da sunan wanda zai bi sawu, don ƙungiyar ce wanda aka karrama zai riƙa tambaya, ba baƙon ba.

Cikin wata guda bayan taro a haɗa kundi: sautin hirarraki, rubutunsu, hotuna, jadawalai, takardun izini da bidiyon taron. Kofe ɗaya na iyali, ɗaya na ƙungiya, ɗaya na ɗakin karatun jami'a ko hukumar tarihi da al'adu ta jihar, a karɓo takardar shaidar ajiya. A shafin farko a rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin, da kwanan wata, da jerin tambayoyin da ba a kai ga warware su ba, don kwamitin da zai zo ya san daga inda zai ɗora.